Barewar da ta cinye harsashina

Kai Nazifi, kawar mini da wayar nan daga fuska, na gani. Bature ne a ɗaki mai fanka, yana jan hannun wata na'ura harsashi na faɗowa ɗaya bayan ɗaya, wai zai tafi harbin barewar ƙasarsu. To sai me? Shi bindigarsa a kamfani aka yi ta, ita da 'yan uwanta duk bakinsu ɗaya, ko da ido a rufe ka zuba musu harsashi zai shiga. Ku kuma kun kalli wannan kun zo kuna ce mini aikin da na ƙare ƙuruciyata a kai ba komai ba ne, wai narka dalma ne kawai a zuba a rami. Ku gyara zama. Tunda kun taɓo ni, yau sai kun ji dalilin da ya sa har gobe in na ratsa Kasuwar Sabon Gari wasu tsofaffin mata ke kirana Mai Kiwon Barewa, kuma ba mai tashi sai na gama.

Harsashin farko da na zuba, a rumfar maigidana Malam Iro Kurma ne, nan Fagge bayan masu walda. Kafin ya bar ni na taɓa ludayin ƙarfe sai da na shekara guda ba na komai sai zuga wuta da fasa tsofaffin batura da bututu ina ciro dalma. Ranar da ya ce in zuba, na zuba, na fito da abina yana ƙyalli, ina jin ba kamar ni. Ya karɓa, ya ɗora shi a kan farantin tasa ya ɗan karkata. Harsashin kirki miƙewa yake yi sumul har gefe. Nawa ya tafi yana tangaɗi kamar agwagwa, ya yi kwana, ya dawo inda ya fito. Malam Iro ya mayar da shi cikin ludayi, ya mayar da ni kan zuga-zugi wata huɗu. Kurumtar tasa kuwa albarushi ne ya tashi da shi tun yana saurayi, ya tafi da kunnensa da girarsa, shi ya sa doka ce a rumfar ba ma taɓa albarushi. Mu dalma ce tamu, mai bindiga ya je can ya nemi abin ɗurinsa.

Kayan aikin ba su da yawa, duk za su shiga buhu ɗaya. Ludayi, zuga-zugi, awartaki, magagari na goge bakin zubi, farantin gwaji, sai mazubi, wato dutse biyu masu laushi da aka fafe ramuka a jikinsu, a haɗa su a ɗaure a zuba ta sama. Amma ka bar ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa cikin narkakkiyar dalma ka ga yadda take tofi. Kun ga tabon nan na wuyana? Atishawa na yi.

Wahalar ba a zubin take ba, a bakin bindiga take. Bindigar toka maƙera ke yin ta, kuma ban taɓa ganin biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba. Wannan da ƙarfen sitiyarin tsohuwar mota aka yi ta, waccan da wani bututun da Allah kaɗai ya san inda aka samo shi. In harsashi ya yi ƙanƙanta ba ya zama, kuma ba ya tafiya da ƙarfi. In ya yi girma ya maƙale, in mai shi ya matsa masa ya fasa bindigar a hannunsa. Saboda haka kowace bindiga da awonta. Malam Iro ba ya rubutu, ga dabarar da ya yi: duk maharbin da ya kawo bindigarsa da takardar izininsa, za a gwada har a sami harsashin da ya zauna mata daram, sai mai bindigar ya yanko ƙyalle daga tsohuwar rigarsa, a ƙulle wannan harsashin a ciki, a rataye a ƙusa jikin wani katako. In mutum ya aiko yana son zubi, ba sai ya ɗauko bindiga ya ratsa gari da ita ba. Ka tuna rigarsa, ka kwance ƙullinsa, ka ga awonsa. Da Malam Iro ya rasu na gaji rumfar da katakon, na kuma gaji abin da muke taƙama da shi, cewa harsashin rumfarmu bai taɓa gangarowa daga bakin bindiga ba. Na faɗi wannan magana a bainar jama'a sau ba adadi, har da buga ƙirji.

Sai kuma zaɓen abin da ya dace da naman, nan ne ake faɗa da masu bindiga. Zabi da fakara ƙanana ake zuba musu, kamar ƙwayar dawa. Barewa da gada guda ɗaya matsakaici ya ishe su. Amma kowa babba yake so. Akwai Alhaji Rasaki, Bayerabe haifaffen Fagge mai sayar da kayan gini, Hausarsa ta fi taku. Ya sa aka ƙera masa wata bindiga mai baki kamar na tulu, ya ce in zuba masa harsashin da in ya sami gwanki ba sai an sake ba. Na ce Alhaji gwanki ya bar dajin nan tun kafin ka yi aure. Bai ji ba. Ya je ya harbi gada da shi, bindigar ta tokare shi ya faɗa cikin sarƙaƙiya ta baya, gadar kuma abin da aka tsinto nata bai cika kwanon sha ba. Ya dawo kafaɗa a ɗaure yana ce mini aikin ya yi kyau, in ƙara girman kaɗan.

Wanda ya ja mini sunan kuwa Malam Bulus ne, mutumin wajen Zariya, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya yana zaune a Sabon Gari. Mutum ne mai natsuwa, ko ƙuda ya sauka a shayinsa sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi. Kowace shekara in an gama girbi yana bin su Alhaji Rasaki farauta kwana uku, kuma tunda nake zuba masa harsashi bai taɓa kashe barewa ba. Abin da yake kawowa gida ƙaya ce da mura. Sau ɗaya ya kawo zabuwa, matarsa Mama Rifkatu, mai rumfar kwanuka a kasuwa, ta duba ƙafarta ta ga shatin igiya, ta tambaye shi ko a daji ma ɗaure su ake yi. Amma kwana ukun nan su ne shekararsa. Tun damina yake goge bindigar, yana zuwa rumfata ya zauna yana ba ni labarin barewar da ya kusa samu.

Shekarar da na fi tsana a rayuwata ta fara ne da yoyon rufi. Ruwa ya jiƙa katakon, gara ta bi ƙyallayen ta cinye. Harsasan na nan, na san na kowa a lokacin, sai na aika wa mutanena tara da suka rage cewa kowa ya kawo sabon ƙyalle. Ashe a watan ne shugaban maharbansu ya aurar da 'yarsa, duka suka yi anko, wani yadi kore mai zanen ganye. Maharbi kuwa ba ya yanka riga mai kyau in akwai ragowar yadi a wurin tela. Na farko ya kawo kore mai ganye. Na biyu ya kawo kore mai ganye. Da na uku ya shigo na ga abin da ke hannunsa, ya kamata in ce a tsaya. Girman kai ya hana ni. Na ce ai ni hannuna ma ya san nauyin kowanne, na jera su a ƙusa daga dama zuwa hagu, na haddace jerin. Bayan sati biyu akuyar mai shayin da ke kusa da ni ta shigo tana neman ɓawon rogo, ta ga ganye tara a jere a jikin katako, ta miƙe tsaye ta ɗora ƙafa. Na dawo daga masallaci na tarar da ƙulli takwas a ƙasa, ɗaya a bakinta.

Abin da mai hankali zai yi shi ne ya kira kowa ya kawo bindigarsa a sake awo. Ni sai na rufe rumfa, na ɗauki ƙulli ɗaya ɗaya ina jinjinawa a tafin hannu, na mayar da su yadda raina ya ba ni. Na Alhaji Rasaki ba ya ɓata, ko a aljihu ka sa shi sai wandonka ya zame. Amma akwai uku da suka yi kusa da juna ƙwarai, kuma na Malam Bulus na cikinsu.

Ana saura kwana biyar su tafi ya zo, ya zauna a bencin da kuke kai ɗin nan. Ya ce Mama ta kafa masa sharaɗi. In bana ya dawo ba barewa, za ta mayar da takardar izinin inda aka ba shi, ta kai bindigar wurin mai walda ya yanke ta, ta tokare rumfarta da ƙarfen. Ta ce ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ta gaji da cire masa ƙaya da allura. Ya ce mini, «Malam Ɗanjuma, bana ka zuba mini na gaske.» Na zuba masa goma sha biyu, na gwada kowanne a faranti, na ƙulle masa su a ragowar ƙyallensa. Ya tafi yana godiya, ni kuma ban tabbata awon nasa na ɗauka ba.

Ranar da suka dawo, Alhaji Rasaki ne ya fara isowa rumfata, ko gida bai je ba, dariya ta hana shi sallama. Da ƙyar na haɗa labarin. Wai a rana ta biyu da hantsi Malam Bulus na kan wani tudu, sai ga barewa a ƙasansa cikin busasshiyar ƙorama, taku goma bai kai ba, ta tsaya ta ba shi gefe kamar an roƙe ta. Duk suka yi shiru, kowa na taya shi addu'a da irin addininsa. Ya sunkuyar da bakin bindiga a hankali. Sai wani abu ya fito daga bakin, ya faɗo ƙasa, ya gangara tudun nan yana tsalle har gaban barewar. Ta shinshina, ta ɗauka, ta tauna. Sannan Malam Bulus ya ja kunama, ƙara ta tashi, hayaƙi ya rufe shi, da ya washe barewa ta kaɗa kunne ta yi tafiyarta tana ci gaba da tauna. Alhaji Rasaki ya rantse da idonsa ya gani. Ni ban yi dariya ba.

Da la'asar Malam Bulus ya zo. Bai zarge ni ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Ya ce kawai ya zo ya sanar da ni ba sai na ƙara zuba masa ba, Mama ta yi magana da mai walda, ran Litinin zai zo. Ya ce bai gaya mata zancen gangarowar ba, don ya san abin da maganar za ta yi wa rumfata. Ya miƙe ya tafi yana jan ƙafa.

Kwana biyu ina faɗa da kaina. Na ce ai dama ba ya kashe komai, ko da harsashin zinariya ne. Na ce ai sunan rumfar ba nawa ba ne ni kaɗai, na Malam Iro ne. Na ce ai akuya ce mai laifi. Ran Asabar dai na sa babbar rigata na nufi kasuwa. Na so in sami Mama Rifkatu ita kaɗai, na tarar da mata shida a rumfar suna cinikin tukwane, ta kuma ƙi tasowa, ta ce in faɗi abin da ya kawo ni a nan, ba ta da sirri da maƙera. Na ce mata Malam bai yi kuskure ba, saitinsa daidai ne, ni ne na ba shi harsashin da ba na bindigarsa ba. Ta ce in ɗaga murya, injin markaɗe ya hana ta ji. Na ɗaga. Ta sa na ba da labarin tun daga anko har akuya har tauna. Wata mata ta zauna a kan tukunyar da ba ta saya ba saboda dariya. Mama Rifkatu ta dube ni ta ce, «To Mai Kiwon Barewa, tunda kai ne, na ƙara masa shekara ɗaya.»

Kafin magariba sunan ya riga ni isa Fagge. Cikin mutanena tara, shida suka kwashe awonsu suka koma wurin wani a Rijiyar Lemo, wanda harsashinsa wallahi ko a faranti ba ya tsayawa. Mai shayi ya riƙa tambayata ko akwai ragowar abincin dabbobi ya kai wa akuyarsa. A shekarar nan na fara zuba dalmar taru ta masunta da gyaran ma'auni, abin da nake ci da shi ke nan har yau.

Bayan sati uku Malam Bulus ya zo da bindigar a naɗe cikin buhu, a sake awo, ya kuma kawo ƙullin da na ba shi in narke tunda ba nasa ba ne. Na kwance. Goma sha biyu. Na sake ƙirgawa, goma sha biyu. Na ɗauki ɗaya na sa a bakin bindigar, ya zauna daram kamar tare aka haife su, na kifa ta na girgiza bai motsa ba. Na tambaye shi sau nawa ya yi harbi, ya ce sau ɗaya. Na ce to me ka ɗura? Sai ya sa hannu a aljihun rigar farautarsa, ya fito da wani ƙulli, kore mai zanen ganye. Ya kwance. Soyayyar gurjiya ce, guzurin da Mama ta ƙulla masa a ragowar yadin ankon.

Za ku ce ai nauyin gurjiya da na dalma ba ɗaya ba ne. Ni ma abin da na ce masa ke nan, kuma ba a hankali na faɗa ba. Ya ce ai ya ji ba nauyi, sai ya ɗauka wani sabon salo na fito da shi, tunda ya roƙe ni na gaske. Ga shi ya saba harsashina na zama da kansa, ba ya bin sa da tsumma don ya tare shi. Na rasa abin da zan yi, na ɗebi gurjiyar na watsa a baki ina tauna don haushi.

Ya naɗe bindigarsa ya ce yanzu zai je kasuwa, a gaban matan nan zai faɗi gaskiya, a mayar mini da sunana. Na san kuma in ya faɗa, mutumin da bai bambance gurjiya da harsashi ba, Litinin ba za ta yi ba sai ƙarfen ya zama tokarin rumfa. Har ga Allah na so in bar shi ya je. Ya kai bakin titi na kira shi. Na ce ya dawo ya zauna, sunan ya riga ya bi gari, ko ya faɗa ba wanda zai daina. Amma na kafa masa nawa sharaɗin, cewa zai riƙa zuwa daji da bindigarsa a kafaɗa, ba zai ƙara ɗura mata komai ba, ko dalma ko kayan miya. Ya yarda. Shekara bakwai ya ƙara yana bin su, kowace shekara ya dawo da ƙaya da mura da labari, kowace shekara Mama ta ce ta ƙara masa ɗaya.

Bayan rasuwarsa da wata biyu ta zo rumfar nan da kanta, ranar farko da ta taɓa takowa. Ta ajiye mini ƙullin harsasan nan da ya koma da shi gida a kan benci ta ce kayana ne. Na ga tunda mai shi ya tafi, gara in sauke abin da na daɗe ina ɗauke da shi, na fara ce mata Mama akwai maganar da ba ki sani ba game da barewar nan. Ta ce ta gurjiya? Ta ce tun ranar da ya dawo ta sani, ita ta zazzage aljihunsa za ta yi wanki, ta ƙirga harsasan ta ga ba wanda ya taɓa su. Ta ce dama abin da ke hana ta barci kada ya harbi kansa ko wani a daji, da ta ga akwai wanda zai tsaya tsakiyar kasuwa ya zubar da mutuncinsa saboda shi, sai ta san ba za a bar shi ya ji ciwo ba.

Na ce, «To Mama, tunda kin sani, me ya sa kika sa na ɗaga murya, kika kuma laƙaba mini suna?»

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, «Ai Malam labarin ne ya yi daɗi.»

Ga su nan a gwangwanin nan, goma sha biyu, ban narke ko ɗaya ba. Nazifi, ajiye wayar ka miƙo farantin can. Ɗauki duk wanda ka ga dama ka gangara shi, ka gaya mini in ya yi tangaɗi.